Tikitin da Kake Son Saya wa Mama

Umlazi,
11 ga Yuni.

Zuwa ga yayana Velaphi,

Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka lafiya lau, kai da Thembeka da yara. Allah ya ƙara muku juriya a wannan ƙasa da ruwan sama ba ya ɗauke mata, ya sa albarka a aikin da kake yi na kula da tsofaffi, ya tsare ku a fita da shiga, ya raya mana Kwanele da Asanda su zama abin alfahari. Mu a nan mun gode Allah, babu wani abin tashin hankali, don haka kada tsawon takardar ya tsorata ka.

Mama tana nan da sauƙi. Gwiwoyin ne suke damunta tun da sanyi ya shigo, amma sukarin ya kwanta, kuma tana shan maganinta ba sai an yi faɗa ba. Har yanzu ba ta yarda kowa ya tuƙa mata tuwon masara, wai nawa gudaji ne da shi, na 'yata Sinegugu kuwa kunu ne. Kawu Mbongeni ya zo daga Nongoma ya gyara kwanon ɗakin baya da iskar Afrilu ta ɗage. Ya kwana uku, ya ga bayan kaji biyu, ya tafi yana gaya wa maƙwabta cewa ba a kula da shi ba. Sinegugu tana shekararta ta ƙarshe a makarantar koyon malanta, ta rame saboda karatu amma tana ƙoƙari. Baba Zungu na gidan da ke kallon namu ya rasu a farkon Mayu, an yi jana'iza da jama'a sosai, kuma matarsa ta tambaye ka, in ka samu dama ka kira ta ka yi mata ta'aziyya.

Yaya, na san ka ji haushina ranar da ka kira. Ka zo da murnarka, ka ce ka ga tallar tafiyar kwana huɗu daga Durban zuwa tsibiran Mozambik a jirgin da nake aiki, kuɗin ya yi araha har ka zaci kuskure ne, kuma kana so ka saya wa Mama domin cikarta shekara saba'in a Disamba. Ka tambaye ni ko arahar nan ba ta da wata illa, tun da ni ce a ciki. Ni kuwa na ce za mu yi magana, na sauya zance. Daga baya ka turo saƙo kana tsokanata, wai ko ba na son uwata ta ga inda nake wanke bayan gidan masu kuɗi ne. Ba haka ba ne. Mama tana zaune kusa da ni a lokacin, kuma amsar ba irin wadda ake bayarwa a waya ba ce. Shi ya sa na zauna na rubuta.

Lokacin da na shiga aikin jirgin nan, shekara goma sha shida ke nan, ɗaki goma sha huɗu ne a hannuna, kuma da mai taya ni. Sau biyu muke shiga kowane ɗaki. Da safe mu gyara, da yamma mu koma mu sake shimfiɗa, mu canja tawul, mu tambayi baƙo yadda ya wuni. Kafin kwana biyu na san wanda yake shan magani, na san wanda teku take juya wa ciki, na san miji da matar da suka yi faɗa. Daga baya kamfani ya ce zai sauko da kuɗin tikiti domin jirgi ya riƙa cika, kuma ya saukar ɗin da gaske. Amma abin da aka cire daga tikiti sai da aka nemo shi a wani wuri. Aka fara da sallamar masu taya mu. Aka ce shiga ɗaki sau ɗaya a rana ya isa. Sha huɗu ya zama ashirin, ashirin ya zama ashirin da takwas. Ma'aikatan jinya uku suka koma biyu. A ɗakin cin abinci mutum ɗaya yake ɗawainiya da teburan da a da mutum biyu suke yi. Ruwan gora, shayi mai kyau, ganin likita, duk sai ka biya daban. Tsofaffin baƙinmu masu hali na Johannesburg suka yi ta ƙorafi, wai an daina ajiye musu cakulan a kan matashi, wai naman ya yi tauri, wai layin abinci ya fi na tashar mota. Ni dariya suke ba ni a lokacin. Na ɗauka iyakar abin da aka taɓa ke nan, cakulan ɗinsu da gadon bayanmu.

Kuma ba zan ɓoye maka ba, na yi murna da arahar nan. Na yi wajen shekara goma ina tura keken tawul a lungunan jirgin ban ji harshenmu a bakin baƙo ba sai jefi-jefi. In ka ji shi, to mai shara ne ko mai wanke-wanke. Da kuɗin ya sauko sai ga malaman makaranta, ga direbobin motocin haya da matansu, ga matan adashi sanye da riguna iri ɗaya an rubuta sunan ƙungiyarsu a baya. Idan jirgi zai bar tasha sai su cika bene suna waƙa, suna ɗaga wa mutanen bakin gaɓa hannu, wasu suna kiran 'ya'yansu a waya suna cewa ku duba, ni ce nan a sama. Ranar da na fara ganin haka sai da na shige ɗakin ajiyar zannuwa na share hawaye. Don haka duk abin da zan gaya maka a ƙasa, ka riƙe wannan ma a ranka.

A watan Maris, saura tafiya biyu jirgi ya koma Turai, aka sa wata tsohuwa a ɗakunana, Gogo MaHlongwa daga Eshowe, shekararta saba'in da huɗu. Su goma sha biyu ne, matan coci ɗaya, shekara biyu suna zuba adashi domin wannan tafiya. Aka haɗa ta ɗaki ɗaya da ƙawarta MaShezi a can ƙasa, irin ɗakunan nan marasa taga, waɗanda suka fi araha. Safiyar farko na shiga na tarar ta gyara gado tsaf, ta ninke tawul, har tana neman tsintsiya. Na ce ta bari, aikina ne. Ta kalle ni sama da ƙasa ta ce shekara talatin da ɗaya tana gyara gadajen wasu a Durban, ba za ta zauna yarinyar da ta isa haifa tana durƙusa mata ba, kuma ma kusurwar zanen da na shimfiɗa jiya a karkace take, wa ya koya mini aiki. MaShezi ta ce in rabu da ita, wannan ko aljanna aka kai ta sai ta tambayi inda ake ajiye tsumman goge-goge. Muka yi dariya mu uku, kuma daga ranar ta koma kirana 'yata.

Ta ba ni labarin mijinta marigayi, wanda ya ƙarar da ƙarfinsa yana lodin buhunan sukari a tashar Durban, bai taɓa taka jirgi a matsayin baƙo ba. Ta ce ta zo da hularsa a jaka domin shi ma ya shiga tsakiyar teku. Kwana biyun farko ban taɓa ganin mai jin daɗi irinta ba. Tun da sassafe take sa MaShezi ta raka ta bene su ga fitowar rana, ta dawo tana gaya mini kamar ni ban taɓa gani ba. Ta ce a wurin cin abinci wani saurayi mai farar riga ya ja mata kujera ya kira ta uwargida, ta waiwaya tana neman uwargidan. Abu ɗaya na lura da shi, tsoron kashe kuɗi. An gaya musu tun a gida cewa komai ka taɓa a jirgi sai ka biya, don haka ba ta ko kalli gorar ruwan da ke kan tebur ba, kuma ta zo da burodinta da ganyen shayinta. Na gaya mata inda ake ɗiban ruwa kyauta a can sama, amma nisan ya fi ƙarfin gwiwarta, sai na riƙa cika mata gorarta da kaina kowace safiya.

Rana ta uku jirgi ya tsaya nesa da tsibiri kamar yadda ya saba, aka fara kwasar mutane a ƙananan kwale-kwale tun ƙarfe takwas. Gogo ta ce ita ba za ta iya tsallakawa cikin abin da yake rawa a kan ruwa ba, su je su kawo mata labari. MaShezi ta so ta zauna da ita, ta kore ta, ta ce ba ta yi shekara biyu tana zubi don ta zo ta yi gadin tsohuwa ba. Wajen ƙarfe tara na shiga gyara. Na same ta zaune a bakin gado, gadon a hargitse, wanda ba halinta ba ne. Ta ce kanta yana ɗan sarawa, kuma hannunta na dama ya yi mata nauyi, wataƙila a kansa ta kwana. Na ce mu je wurin likita. Ta tambaye ni nawa ne. Yaya, gaskiya na faɗa mata, ganin likita kaɗai ya kusa rabin abin da ta biya na tafiyar gaba ɗaya. Ta yi dariya ta ce da wannan kuɗin gara ta sayi akuya, ta riga ta sha maganin hawan jininta, barci kawai take so. Na matsa, ta ƙi. Na cika mata ruwa, na gyara mata matashi, na ce zan leƙo ta da tsakar rana. Ta ce to 'yata, tana nan, ina za ta.

A ranar abokiyar aikina Fanja, 'yar Madagaska, ta kasa tashi saboda bayanta ya riƙe. Babu mai maye gurbinta, don yanzu ba a ɗaukar ko mutum ɗaya na ko-ta-kwana, sai aka raba ɗakunanta a tsakaninmu. Nawa suka zama talatin da bakwai, kuma ranar tsibiri dole a gama kafin mutane su dawo da yashi da jiƙaƙƙen tawul. Wajen ƙarfe ɗaya na biyo ta ƙofar Gogo, hannuna cike da zannuwa, oba-obar da ke ƙuguna tana ta kiran sunana, wai ruwa ya malale a wani ɗaki a sama. Na tsaya a ƙofar. Na kasa kunne, ban ji komai ba. Na ce a raina barci take yi, kada in tashe ta, zan dawo. Katin buɗe ƙofar yana rataye a wuyana, kuma leƙawar ba za ta ci minti ɗaya ba. Na wuce. Aiki ya ja ni daga wannan ɗaki zuwa wancan, ban ci abinci ba, ban zauna ba, kuma ban dawo ba.

Ƙarfe huɗu da rabi MaShezi ta dawo da gasasshen kifi da ta ƙunso mata a takarda. Ita ta same ta a ƙasan banɗaki, tsakanin ƙofa da wurin wanka, idonta biyu, bakinta ya karkace, ba ta iya magana. Kukan MaShezi na jiyo daga ƙarshen lungu. Ma'aikaciyar jinya ɗaya tana tsibiri tare da sauran baƙi, ɗayar tana ɗinke ƙafar wani da dutse ya yanka, don haka ni da likita da wani mai gadi muka ɗaga ta. Jikinta ya yi sanyi saboda daɓen. Likita ya ce shanyewar ɓarin jiki ce, kuma ga alama ta kai awa huɗu ko biyar a kwance. Ka lissafa da kanka, lokacin da nake tsaye a ƙofar tana ƙasa. Kai da kake aiki da tsofaffi ka fi ni sanin abin da awa huɗu take nufi a wannan ciwo. Kyaftin ya sa aka kwaso sauran mutane da wuri, jirgi ya juya kudu da gudu, washegari da safe jirgin ceto ya tare mu kusa da Richards Bay aka sauke ta a gadon marasa lafiya. Matan cocinsu sun jeru a bene suna waƙar addu'a a hankali. A bayansu wasu baƙi suna tambaya ko za a mayar musu da wani abu tun da an gajarta musu wunin tsibiri.

Bayan kwana biyu shugabanmu na ɓangaren ɗakuna, Rajen Pillay, ya kira ni ofis. Na shiga da shirin a kore ni, har ina ganin ya dace. Ya turo mini takarda, an rubuta cewa na gyara ɗakin ƙarfe tara, na ba baƙuwa shawarar ganin likita, ta ƙi. Ya ce in gaskiya ne in sa hannu. Na ce gaskiya ne amma da saura, na yi mata alkawarin dawowa ban dawo ba. Ya cire tabarau ya murza ido, ya ce Khethi, doka ta ce sau ɗaya a rana, kin shiga sau ɗaya, babu mai tuhumarki. Ya ce shi ma sau uku yana rubuta wa manya cewa hannaye sun yi kaɗan, amsar da yake samu ita ce jirgi cike yake kowane mako, ke nan baƙi sun gamsu. Mutumin kirki ne, tare muka fara aiki yana tura keke kamar ni. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne babu wanda ya karya doka. Likita ya yi aikinsa, kyaftin ya yi nasa, ni ma a takarda na yi nawa, amma tsohuwa ta wuni a kan daɓe. A tafiya biyun da suka rage na daina cin abincin rana, ina bin ƙofofin tsofaffi ɗaya bayan ɗaya ina ƙwanƙwasawa, har wasu suka fara jin haushina.

Da jirgi ya tafi Turai na sauka hutu, sai na nemi lambar MaShezi, na hau motar haya zuwa Eshowe wata Asabar a watan jiya. Gogo tana gidan 'yarta Duduzile, malamar firamare, wadda yanzu rabin rana take yi a aji, sauran tana jinya. Duduzile ba ta ba ni kujera da wuri ba. Ta tsaya a bakin ƙofa ta ce to ga mutanen jirgi, ko an aiko ni karɓar kuɗin ruwan gora ne. Tana da hujjar yin fushi. Da muka zauna ta ce ita ba arahar ce ta dame ta ba. Abin da yake ƙona mata rai shi ne an rubuta musu farashi da manyan haruffa, ba a rubuta abin da aka cire ba. Da an gaya mata babu mai leƙa uwarta daga safe har yamma, da ta nemi hutu ta bi ta, ko ta hana ta tafiyar. MaShezi, wadda ta shigo ta same mu, ta ce wa za a hana, Dudu ta daina magana kamar uwarta yarinya ce. Ta ce a tsohon farashi irinsu sai dai su tsaya a bakin gaɓa suna ɗaga wa wasu hannu har su mutu, kuma ciwon nan ko a Eshowe zai iya samunta. Duduzile ta ce a Eshowe da maƙwabta sun ji faɗuwarta. MaShezi ta ce wane maƙwabci, duk sun tafi aiki. Suka yi ta yi ina tsakaninsu, kowacce in ta buɗe baki sai in ga ita ce mai gaskiya.

Daga baya aka shigar da ni wurinta. Ta rame, ɓarin dama ba ya motsi, kalmomi kaɗan ne suka rage mata, su ma sai ta yi kokawa da su. Amma ta gane ni. Na durƙusa a gaban gadon, a gaban 'yarta da ƙawarta, na faɗa mata komai, yadda na zo ƙarfe ɗaya, yadda na tsaya, yadda na wuce. Ban roƙi gafara ba, don ban ga ina da bakin roƙo ba, na dai ga ya kamata ta sani. Ta daɗe tana kallona. Sai ta ɗaga hannun hagu ta dafa kaina, ta yi ta ƙoƙarin fitar da magana, a ƙarshe abin da ya fito shi ne, na ji ki. Yaya, ban sani ba ko tana nufin ta ji abin da na faɗa ne, ko kuwa ta ji tsayuwata a ƙofar ranar nan. Ban iya tambaya ba, kuma ba na jin zan taɓa iyawa. Duduzile ta raka ni har bakin titi. Ba ta ce ta yafe ba, amma ta ce in sake zuwa, uwarta ba ta samun baƙi yanzu.

Ran Lahadin da ta wuce na kasa riƙewa na gaya wa Mama duka, har da maganar tikitinka, ka yi haƙuri na ɓata maka shirin ba-zata. Na zaci za ta ce a bar zancen. Sai da ta gama tsince wakenta tukuna, sannan ta ce bari ita ma ta gaya mini wani abu. A watan Janairu, ina kan teku, kana can, Sinegugu tana makaranta, ta zame a bayan gida, ta yi kusan awa biyu kafin ta iya jan jiki zuwa kujera, kuma ba ta gaya wa kowa ba don kada mu tayar da hankali. Ta kalle ni ta ce to wane kamfani ne ya rage ma'aikata a gidan nan. Ta ce ita tana so ta je. Shekara saba'in tana hango teku ta tagar bas, tana so ta gan ta daga ciki kafin gwiwoyin su ƙi gaba ɗaya, kuma kada mu yanke mata hukunci a bayan idonta kamar ta riga ta mutu.

To ga amsar tambayarka. Abincin zai ishe ta, ya ma fi yadda masu ƙorafi suke faɗa. Jirgin lafiyarsa ƙalau, kuma ina da yaƙini da mutanen da suke tuƙa shi. Ga mai ƙarfi da lafiya, abin da zai samu a wannan farashi ya fi abin da zai rasa nesa ba kusa ba, kuma ba zan so a mayar da kuɗin yadda yake a da mutanenmu su koma kallo daga waje ba. Amma abin da aka cire daga tikitin mutum ne, wanda yake da sukunin buɗe ƙofa ya leƙa. Ga tsohuwa mai ciwon sukari da gwiwa wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma ba zan yi maka alkawarin ni zan cike gurbin ba. Na sake sa hannu, zan koma aiki a Nuwamba, amma ko an sa ta a ɗakunana na riga na ga yadda alkawarina yake zama idan aiki ya taso. Kada ka ce za ka biya wa Gwaggo Fikile ta raka ta, ita ma mai neman rakiya ce. Sinegugu kuma tana tsakiyar jarrabawa a lokacin.

Saboda haka ka sayi tikiti biyu, na biyun da sunanka. Shekara shida ke nan rabonka da gida. Ba gori nake yi maka ba, na san abin da kake aikowa, na kuma san da wahalar da kake samo shi. Amma kullum kana ɗaga iyayen wasu daga gado, kana ba su abinci a baki, kuma kowa ya shaida ka iya. Ka nemi hutun mako biyu a Disamba, ka zo ka kwana a ƙaramin gadon da ke gefen nata, ka ɗebo mata ruwa, ka riƙe hannunta a kwale-kwale. In ta ce ba za ta sauka tsibiri ba, kai ma ka zauna, ko da ta kore ka. In ka ga ba za ka samu zuwa ba, kada ka sayi ko ɗaya, ka bari sai shekarar da za ka iya. Na san kuɗin jirgin sama daga can a Disamba ya ninka na jirgin ruwan sau da yawa. Wannan shi ne ainihin farashin tafiyar, kuma gara ka ji shi daga bakina.

Ka gaishe mini da Thembeka ƙwarai, ka ce mata na gode da rigar sanyin, ita ce a jikina yanzu haka. Ka shafa mini kan Kwanele da Asanda, ka ce su daina amsa wa kakarsu da Turanci a waya, tana jin haushi ko da ba ta faɗa ba. Ka gaishe da Sibonelo ɗan Kawu in kuna haɗuwa, uwarsa tana kukan ba ya kira. Sinegugu tana gaishe ku, haka Gwaggo Fikile da Kawu Mbongeni. Mama ma tana gaishe ka, tana sa maka albarka, kuma ta ce kada in matsa maka. Jiya dai na same ta ta jawo akwatinta daga ƙarƙashin gado tana kakkaɓe shi, ga Disamba da sauran wata shida.

Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ƙanwarka,
Khethiwe